Ɗigon Rami Na Bakwai

Duk wanda ya taɓa riƙe diga a aikin tonon kayan tarihi ya san Mai Taku, in bai san fuskarsa ba ya san labarinsa. Shi ne mutumin da rami ya rufta da shi tun hantsi, aka zaro shi bayan la'asar, ya tofar da ƙasar bakinsa ya ce a miƙo masa hularsa. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ka rubuta masa sai ya ɗauka tururuwa ce ke jerin gwano. Amma ƙasa kam, karanta ta yake yi kamar yadda malami ke karanta takarda. Shekara ashirin da biyu shi ne ma'aunin ayarin tono. In an sami wuri, sai ya tsaya jikin wata alama da ba ta gusawa, dutse ko rijiya, ya taka har bakin rami yana ƙirgawa, magatakarda ya rubuta a littafi. Shugaban leburori ya rasu, magatakarda ya rasu, masu rariya da masu kwando duk sun bi su. Shi kaɗai ya rage, da haƙora goma sha ɗaya, da ƙafafu biyu da ba su taɓa yi masa ƙarya ba.

Ran nan yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar gatari, sai ga surukinsa, mijin 'yarsa Auta, wanda yake tuƙin motar gidan tarihi. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ana nemanka a wurin aikinmu. Wata ce mai haɗa taswira take son ganinka."

"Ni? Shekara goma sha tara ba wanda ya aiko ya ji ko ina numfashi. Ruwa ba ya tsami banza."

Auta ta leƙo daga zaure. "Baba ka je mana. Ka sa sabuwar rigar nan, kada ka tafi musu da wannan mai kama da buhu."

"Wannan buhun ya girme ki, kuma bai taɓa yi mini rashin kunya ba."

Ya dai sa sabuwar.

A ƙofar gidan tarihi ya tarar da Maigadi, tsoho sa'ansa, abokin wasansa. Bai yi aikin tono da su ba, daga baya ya zo, amma sun sha shayi a kofi ɗaya ya fi a ƙirga.

"A'a, tsohon ƙwarangwal. Ka kawo kanka su sa a gilashi ke nan?"

"In sun sa ni, kai ne dai za ka kwana kana gadina."

Mai Taswira ta fito ta tare shi. Matashiya ce siririya, da tabarau, da biro a maƙale a bakin mayafi. Ta gaishe shi da ladabi, ladabin ma ya so ya yi yawa, shi kuwa ya ajiye wannan a ransa. Suka bi doguwar barandar da ke kaiwa ɗakin baya. Mai Taku ba ya iya tafiya bai ƙirga ba, leɓensa motsi yake yi ko a hanyar banɗaki. Da suka kai ƙarshe ya buga sandarsa a ƙasa.

"Barandar nan taku ashirin ce cif. Je ki ɗauko igiyar awonku ki gani. Ƙafar nan ta fi ta gaskiya."

Ta dube shi, ta waiwaya ta dubi barandar.

A ɗakin an kafa wani allon gilashi mai faɗin ƙyauren ƙofa. A kansa ga gari da gonaki da rafi kamar yadda shirwa ke ganinsu daga sama, an yayyafa jajayen ɗige-ɗige. Ta sa yatsa ta taɓa ɗaya. Sai ga tukunya ta fito tana juyawa a hankali, mai wuya uku, da tsaga a gindi.

Mai Taku ya san tsagar nan. Shi ya ɗauko tukunyar da hannuwansa, ya rungume ta kamar jinjiri.

"Baba, kayan da ke ɗakin ajiya sun fi dubu huɗu, waɗanda ke waje mutane na gani ba su kai ɗari biyu ba. Da wannan taswirar kowa zai gan su, ya ga inda aka samo su. Nan da kwana goma za a buɗe ta."

"Kowa wa?"

"Kowa da kowa. 'Yan makaranta, manoma, mutum yana kwance a ɗakinsa ya duba a wayarsa."

"Ɓarawo ba shi da waya?"

Ta yi dariya kaɗan, ta ga shi bai yi ba, ta haɗiye sauran.

"Matsalata ita ce ɗige-ɗigen ba sa zama daidai. Na bi littafin magatakarda layi-layi. Rami na biyu ya faɗa tsakiyar kwalta. Na bakwai, wanda aka fi samun kaya a cikinsa, ya faɗa cikin kududdufi." Ta buɗe tsohon littafin ta karanta. "Rami na bakwai, taku ɗari biyu da arba'in gabas da dutse mai tsaga. Na ɗauki takun namiji baligi, na lissafa, ga inda ya kai ni."

Kallo ɗaya Mai Taku ya yi wa allon ya ga inda gizo ke saƙar. Ma'aunin ayari ba ya ƙirga kowace ƙafa. In ka ƙirga hagu da dama a tafiya mai nisa, lissafi zai kwance maka kafin ka kai. Dama kaɗai ake ƙirgawa, hagu 'yar rakiya ce. Kowane lebura ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin rubutawa. Ita kuwa yarinya, da digirinta da kwamfutarta, ta ɗauki kowane taku ƙafa ɗaya, sai duk ɗige-ɗigenta suka tsaya a rabin hanya.

Bakinsa ya buɗe zai yi bayani, don abin alfahari ne a ce mai digiri ta ɓata, wanda bai san bihim ba ya shiryar da ita. Sai ya tuna Gajere, ya rufe.

Gajere amininsa ne, tare suka fara aiki, tare rami na bakwai ya rufta da su. An zaro Mai Taku da rai, Gajere kuwa kwana ya ƙare. Damina ce, rafi ya cika ya datse hanya, ba yadda za a kai shi gida. Nan gefen ramin aka yi masa sutura aka binne shi. Shugaban leburori ya sa aka cike ramin da sauran kayan da ke ciki, ya ce kada wanda ya ƙara nuna wa kowa wurin. Mai Taku ya ga abin da masu haƙar sata suka yi wa rami na uku bayan wasu shekaru. Ba sa tono, fasa ƙasa suke yi, abin da zai sayu su ɗauka, ƙashi kuwa su watsar wa karnuka. In ɗigon nan ya zauna daidai a wayar kowa, haka za a watsar da Gajere.

"Baba, ko ka tuna wani abu?"

"'Yata, tsufa ya cinye. Jiya ma neman hulata nake yi tana kaina. Ki bar ni in yi tunani."

A hanyar komawa gida surukinsa yana tuƙi yana satar kallonsa ta madubi.

"Baba, wai da gaske ne a rami na bakwai ɗin nan akwai sauran kaya a ƙasa?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Haka dai ake faɗa a wurin aiki."

Mai Taku ya dubi ƙeyar yaron. Shekara tara yana auren Auta bai taɓa tambayarsa ko da launin ƙasar rami ba. Ga kuma sabon agogo a hannunsa. Biri ya soma kama da mutum.

Washegari da yamma sai ga Maigadi har gida, da ƙullin ganyen shayi, wai ya zo duba ƙafar tsoho. Suka taɓa hira, suka zagi gwiwa da farashin magani. Can Maigadi ya ce, "Yarinyar nan ta dame ka da rami na bakwai ko? Ni ma na ce mata ta ƙyale ka, ina za ka tuna."

"Ni ne ba zan tuna ba?"

"To ai ka tsufa."

Mutum uku cikin kwana biyu, rami ɗaya. Mai Taku ya daɗe a duniya, ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da bai sani ba shi ne ta ina bangon ya tsage. Zuciyarsa ta fi karkata ga Mai Taswira, don ladabinta ya yi yawa, sannan surukinsa da agogonsa. Maigadi kuwa cikon benci ne. Amma mai kafa tarko ba ya barin hanya ɗaya a buɗe don yana son mai bin ta.

Ya matso kusa da Maigadi ya rage murya. "Don dai kai ne. Ka san tsohon wurin buga bulo, bayan famfon da ya lalace? Nan ne. Kada in ji a bakin kowa."

"Haba, ni da kai."

Da safe ya kira surukinsa gefe. "Kai ɗana ne, in na mutu kada abin ya mutu da ni. Gindin busasshen itacen nan na kusa da gada. Ka riƙe a cikinka."

Ranar ya sa aka kai shi wurin Mai Taswira. "Na tuna. Magatakarda rana ce ta buge shi ya rubuta gabas. Yamma ne da dutsen, cikin kwarin nan mai jar ƙasa."

Ta rubuta a 'yar takarda, ta ninke, ta yi godiya. Ba ta taɓa allon ba.

Ya ba su kwana huɗu. A na biyar ya yi sammako, ya gaya wa Auta zai je duba wani maras lafiya, ya hau motar haya ya sauka a mararraba, sauran ya ƙarasa da ƙafa. Mutum mai shekara saba'in da takwas, amma samarin yanzu uku ba za su bi sawunsa ba.

Ya fara da kwarin jar ƙasa, yana da yaƙinin zai tarar da ɓarna. Ciyawa ce kwance lumui, ko sawun akuya babu. Ya zagaya sau biyu, har ya ji kamar an cuce shi. Ya nufi gada yana tunanin da wane baki zai gaya wa Auta. Busasshen itace na nan tsaye, ƙasar gindinsa ta yi tauri kamar siminti, ba wanda ya taɓa ta. Ya zauna a kan saiwa ya sauke numfashi, ya nemi gafarar Allah a kan agogo.

Wurin buga bulo don cika ƙa'ida kawai ya je. Tun daga nesa ya hango tarin sabuwar ƙasa. Ramuka biyar, aikin gaggawa, aikin marasa tarbiyya, ko gefe ba su daidaita ba. Ga karyayyar ƙotar shebur, ga ledojin ruwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Bai je rami na bakwai ba ranar, don wanda ya san ana bin sawu ba ya zuwa inda zuciyarsa take.

Kai tsaye ya wuce gidan tarihi. Maigadi na kan bencinsa.

"Ƙwarangwal, yau kuma da ƙura haka?"

"Wurin buga bulo na je. Wasu bayin Allah sun yi mini aikin gayya. Ka gaya musu in sun ƙara zurfi kaɗan za su sami ruwa, unguwar na bukata."

Maigadi ya sunkuya ya kama gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Mai Taku ya wuce. Ya tuna shayin shekara goma sha biyar da suka sha tare, amma bai waiwaya ba.

Ya sami Mai Taswira ita kaɗai gaban allonta. Ya zayyana mata komai, tarko uku da wanda ya kama. Ya so ta yi mamakin dabararsa. Ta dai saurara, fuskarta ta canza da ta ji sunan Maigadi.

"Wato ni ma ka gwada ni, Baba."

"Ke na fara zargi."

"Na san ƙarya ka yi mini, shi ya sa ban sa a taswira ba." Ta cire tabarau ta goge. "Barandar nan da ka ce taku ashirin ce, bayan ka tafi na taka ta. Arba'in na samu. Na sake, arba'in da ɗaya. Da ka dawo na lura da bakinka, ba ya motsi sai ƙafar dama ta sauka."

Ta ɗora yatsa a kan ɗigon da ke cikin kududdufi, ba tare da ta danna ba, ta ja shi gabas, ta ƙara daidai tsawon da ya riga ya yi daga dutsen. Yatsan ya tsaya a kan wasu itatuwa uku da suka haɗa kai.

Ƙasar da ta danne shi tun hantsi har la'asar ba ta yi masa nauyin wannan yatsan ba. Ɓarayi ba su samu ba, suruki bai samu ba, bakinsa ne ya ba da shi a baranda, kyauta, don a ce ƙafarsa ta fi igiya. Baki shi ke yanka wuya.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Na so in ji dalilin da ya sa kake ɓoyewa."

Ya nemi kujera ya zauna. Ya gaya mata Gajere: yadda yake waƙa in yana rariya, yadda yake cewa shi ba gajere ba ne, ƙasa ce take son kusanci da shi, yadda a cikin duhun ramin ya riƙe hannunsa har hannun ya saki. Ya gaya mata karnukan rami na uku.

Ta mai da tabarau idonta.

"Maigidanmu na wurin aiki ɗigo yake so, Baba. Ya ce taswirar da ba daidai ba abin kunya ce."

"Ɗan makaranta tukunya yake son gani. Manomi so yake ya ji a yankinsu aka samo. Wa ke bukatar ɗigo in ba mai shebur ba? Ki kai maigidan naku wurin buga bulo ya ga masu karatun taswirarsa."

Ta juya ga kwamfuta ta daɗe tana danne-danne. Jan ɗigon ya ɓace. A madadinsa wata inuwa mai launin ƙasa ta bazu, ta rufe dutsen da kududdufin da itatuwan da gonaki har bakin rafi. Ta bi sauran ɗige-ɗigen ɗaya bayan ɗaya, duk suka koma inuwa.

"Wanda zai haƙa wannan sai ya shekara hamsin. Amma maganar ƙafar dama dole wata rana a rubuta ta, don masu bincike na gaba."

"A rubuta a ajiye ina? A gidan da Maigadi ke riƙe da makulli?"

"Ba yau ba. Sai ka yarda da wurin ajiyar da idonka."

"Idona yana da wuyar sha'ani."

"Na gani."

Ranar buɗe taswira wani sabon maigadi ne a ƙofa. Mai Taku ya amsa gaisuwarsa yana duban takalmansa, ko akwai ƙasar tono a jikinsu. Ɗakin ya cika da 'yan makaranta da manyan baƙi. Bai yarda da jawabin kowa ba. Ya kutsa har gaban allon, ya sa yatsu biyu ya buɗa inuwar rami na bakwai kamar yadda ya ga ana yi, ya buɗa, ya ƙara buɗawa har ta ƙi gaba. Ba ɗigo. Ya sa Auta ta gwada a wayarta, ya sa surukinsa ya gwada a tasa, wai ko ta masu agogo daban ce. Inuwa dai. Da ya danna tsakiyarta sai tukwane suka fito suna juyawa, da rubutu a ƙasa. Auta ta karanta masa: waɗannan kaya hannun Gajere da Mai Taku da abokan aikinsu ne ya fito da su.

"Sun sa sunansa gaba da nawa."

"Baba, ko a gyara?"

"A bar shi. Sau ɗaya dai ya fi ni tsawo."

Da za a fita, jama'a suka biyo shi baranda, an gaya musu wannan ne ma'aunin ayari. Wani mai babbar riga, wanda Mai Taku bai san shi ba kuma bai so yadda yake murmushi ba, ya ce, "Baba, a nuna mana yadda ake awon mana."

Mai Taku ya gyara hula. Ya tsaya a bakin baranda ya taka, yana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji, hagu ɗaya, dama biyu, hagu uku, har ƙarshe. Ya buga sandarsa.

"Taku arba'in cif. Haka muke yi tun asali, kowace ƙafa da lissafinta."

Aka tafa masa. Mai babbar riga ya rubuta wani abu a wayarsa. Mai Taswira ta sunkuyar da kai tana gyara biron mayafinta.

Bayan sati biyu ya je wurin itatuwa uku, ta doguwar hanya, yana tsayawa yana waiwaye. Ciyawa ta kai gwiwa, ba a taɓa ko ƙwaya ba. Ya yi addu'a, ya cire wata ƙaya da ta fito a gefen kan kabarin.

"Gajere, na yi wa ƙafata ƙarya a gaban mutane saboda kai. In ka ga dama ka gode."

Ya koma ta wata hanyar daban, bakinsa a rufe, yana ƙirga dama a cikin ciki.